Bikin Hamada na Essakane: Kiɗan Abzinawa Daga Zango Zuwa Dandamali

Bikin Hamada, wanda aka fi sani da sunansa na Faransanci, Festival au Désert, taron kaɗe-kaɗe ne na kwana uku da aka riƙa yi a arewacin Mali cikin watan Janairu daga 2001 zuwa 2012. An soma shi a Tin Essako cikin yankin Kidal, a 2002 aka kai shi Tessalit kusa da iyakar Aljeriya. Daga 2003 ya samu mazauni a Essakane, wani ɗan zango mai tuddan farin rairayi kimanin kilomita 65 daga Timbuktu, a yankin tafkin Faguibine. Sau bakwai a jere aka yi shi a can, kuma da sunan wurin duniya ta san shi, ko da yake shekaru ukunsa na ƙarshe a bayan garin Timbuktu aka yi su.

Tushen bikin tsohuwar al'ada ce ta Abzinawa makiyaya. Mutanen da ke kwashe yawancin shekara a warwatse suna bin ciyawa da rijiyoyi sukan tsayar da lokaci da wurin da dangi za su haɗu. A yankin Kidal ana kiran wannan haɗuwa Takubelt, a yankin Timbuktu kuma Temakannit. A nan ake jin labarin wanda ya rasu da wanda aka haifa, a sasanta rigimar rijiya ko ta makiyaya, a ga 'yan matan da suka tasa, a ƙulla aure, a yi tseren raƙuma. Kiɗa da waƙa suna cikin duk waɗannan, ba a ware musu wani lokaci na daban. Mai karatu ɗan Nijar zai gane irin taron, domin ɗan'uwansa ne ake yi a Ingal duk ƙarshen damina, inda Abzinawa da Fulani ke kai dabbobi lasar gishiri.

Fari da yaƙi ne suka katse wannan al'ada. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun kashe dabbobi ba adadi, suka kori samari zuwa Tamanrasset a Aljeriya da garuruwan Libiya neman abin yi. A 1990 tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, dubban iyalai suka yi hijira zuwa Moritaniya da Aljeriya da Burkina Faso. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu a 1992, amma wutar ba ta lafa sosai ba sai ranar 27 ga Maris 1996, da aka tara bindigogi kimanin 3,000 a Timbuktu aka cinna musu wuta a gaban Shugaba Alpha Oumar Konaré da Shugaba Jerry Rawlings na Ghana. Bayan wannan ne aka fara maganar farfaɗo da tarukan dā. Shawarar buɗe taron ga baƙi ta fito daga haɗuwar mawaƙan Abzinawa na ƙungiyar Tinariwen da wata ƙungiyar makaɗa ta garin Angers a Faransa mai suna Lo'Jo, tare da wasu ƙungiyoyin Abzinawa. Manny Ansar, ɗan ƙabilar Kel Ansar ta yankin Timbuktu, wanda ya taɓa riƙe harkokin Tinariwen, shi ya zama daraktan bikin har ƙarshensa.

Kiɗan da bikin ya tsaya a kansa iri huɗu ne, kuma kowanne yana da masu shi. Na farko shi ne tende, kiɗan mata. Gangar tende turmin daka ne. Ana jiƙa fatar akuya a rufe bakin turmin da ita, a ɗaure ta da igiya a jikin taɓare biyu da aka shimfiɗa ta gefe da gefe, sai mata biyu su zauna a kan taɓaren don nauyinsu ya ja fatar ta ɗame. Mai kiɗa tana bugawa da tafin hannu, lokaci lokaci a yayyafa wa fatar ruwa don kada muryarta ta shaƙe. A gefe wata na dukan ƙoƙon da aka kifa a cikin ruwa. Mace ɗaya ce ke bayar da waƙa, sauran suna zaune a da'ira kafaɗa da kafaɗa, suna amshi da tafi da guɗa. Idan an gama biki sai a kwance fatar, turmi ya koma aikinsa na dakan gero. Maza ba sa shiga da'irar. Nasu shi ne su hau raƙuman da suka sha ado su riƙa kewaye matan, raƙumi na taku daidai da bugun turmi, wuyansa a lanƙwashe. Ana kiran wannan kewayen ilugan, kuma yawancin waƙoƙin yabon raƙuma ne da mahayansu. Gwanin mahayi ana gane shi ne da yadda zai sa amale ya rage taku ko ya ƙara ba tare da an ga motsin hannunsa ba, sai ɗan danna ƙafa a wuyan dabbar.

Na biyu shi ne imzad, mai tsirkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki a kan rabin ƙwarya da aka rufe da fata. A ƙira dangin goge ne, amma matsayinsu a cikin al'umma ya sha bamban. A ƙasar Hausa goge sana'ar maza ce, kuma malamai sun daɗe suna kallonsa a kaikaice. A wurin Abzinawa mata ne kaɗai ke goga imzad, abin girmamawa ne, namiji kuwa sai dai ya zauna cikin natsuwa ya saurara, ko ya rera baituka a kan muryarsa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2013 da sunan ƙasashe uku, Aljeriya da Mali da Nijar. Na uku shi ne tehardent mai tsirkiya uku, ɗan'uwan molo, wanda maroƙa da maƙera ke kaɗawa tare da ƙwarya. Da shi ake kiɗan takamba, wanda ya fi ƙarfi a Gao, kuma Abzinawa da Songai duk suna ɗaukarsa nasu. Rawar takamba a hankali ake yin ta, wani lokaci ma a zaune, hannuwa da kafaɗu ne ke aiki, manyan riguna na lilo.

Na huɗu shi ne kiɗan jita, ƙaramin cikinsu a shekaru amma wanda ya fi su yin nisa. Samarin da fari ya kora ne suka ƙirƙiro shi a zaman gudun hijira tun ƙarshen shekarun 1970, Ibrahim Ag Alhabib na Tinariwen yana kan gaba. Sun ɗauki bugun tende da salon tehardent suka ɗora a kan jita, suka rera waƙoƙin kewar gida da na farkar da jama'a cikin harshensu na Tamashek. Shekara da shekaru waƙoƙin na yawo a kaset daga hannu zuwa hannu. Faifansu na farko da ya fita duniya an ɗauke shi ne a gidan rediyon Tisdas na Kidal, a daidai lokacin da ake shirin bikin farko.

Abin da ya ba Essakane yanayinsa na musamman shi ne cewa masu kiɗan su ne masu masaukin, su ne kuma mafi yawan 'yan kallo. Makiyaya sukan taho a kan raƙuma tafiyar kwanaki da iyalansu, su kafa tantunansu na jar fata, ba sa biyan kuɗin shiga. Baƙin da suka zo daga Turai da Amurka su ke biya, bayan sun sha doguwar tafiya daga Bamako ta Mopti, sun ƙetare kogin Kwara da jirgin fito, sannan sun ratsa rairayin da mota kan kafe a cikinsa sau da yawa kafin a isa. Ba otal, ba katanga, ba kujeru. Baƙo a tanti yake kwana a kan tabarma kamar kowa, ruwan wanka kuwa sai an yi tattali.

Rana ta gargajiya ce. Da hantsi ake jin tende daga wannan zango da wancan, da la'asar a yi jerin gwanon raƙuma da tsere da wasan takobi. Mahaya sukan fito cikin rawani mai amawali wanda ba ya barin komai sai ido, kuma mafi daraja a cikin waɗannan rawuna shi ne baƙin turkuɗi mai ƙyalli da ke zuba shuni a fata, irin wanda marina da mabuga na Kura ta ƙasar Kano suka daɗe suna yi wa kasuwar hamada. Maƙera na baje azurfa da jakunkunan fata a kan tabarmi. Ko'ina aka duba akwai ɗan kaskon gawayi da butar shayi, ana dafawa ana juyewa daga sama har kumfa ta tashi, zagaye uku kamar yadda al'ada ta tanada, kuma ba a gaggauta shi don wani mawaƙi zai hau dandamali.

Da faɗuwar rana sai a tayar da janareto. Dandamalin yana gindin wani tudun rairayi, tudun kuma shi ne wurin zaman jama'a. Sanyin Janairu a hamada mai shiga ƙashi ne, don haka ake hura gawayi nan da can a kan tudun, mutane su kewaye shi cikin barguna, a bayansu kuma mahaya a jere a kan raƙumansu suna kallo daga sama. A wannan dandamali ne a 2003 aka ga Ali Farka Touré na Niafunké, da Oumou Sangaré daga kudancin Mali, da Khaira Arby ta Timbuktu, da Tartit, ƙungiyar da mata ke jagoranta wadda aka kafa a zaman gudun hijira, da Robert Plant na Ingila, da Blackfire, 'yan ƙabilar Navajo daga Amurka. Faifan da aka ɗauka a bikin na shekarar ne ya kai sunan Essakane gidajen rediyon Turai. A shekarar da ta biyo, ƙungiyoyi biyu daga Nijar, ɗaya ta Abzinawa ɗaya ta Fulani Woɗaaɓe, suka yi wasa tare a bikin, daga nan suka haɗe suka zama Etran Finatawa. Idan an kashe janareto can cikin dare, kiɗa kan koma tantuna, jita ba lasifika, har kusan asuba. Da yawa daga waɗanda suka halarta sun fi yaba wannan ɓangaren a kan na dandamali.

Amfanin bikin ga Mali a fili yake. Mawaƙin Bamako da ya girma yana jin arewa ƙasar 'yan tawaye ce ya zo ya kwana a tantin Abzinawa ya ci abincinsu, makiyayi kuma ya ji kora da balafon da kunnensa. Direbobi da masu raƙuman haya da maƙera da masu dafa abinci sukan samu a kwana uku abin da zai riƙe su watanni. Amma dandamali yana da tasa doka, kuma ba kowane kiɗa ne ya dace da ita ba. Tende ba shi da farko da ƙarshe na ƙa'ida, yana tafiya ne muddin mata na da ƙarfin tafi kuma raƙuma na kewayawa. Da aka jera matan a gaban makirufo suna fuskantar jama'a, aka ba su mintuna ƙidayayyu, sai da'irar ta warware, raƙumin da ake yi wa waƙar kuma ba ya nan. Imzad ya fi shan wahala, don muryarsa siririya ce, an yi ta ne don mutum goma a cikin tanti. Jita ce ta ci ribar lasifika, kuma ita ce masu shirya bukukuwan Turai suka ɗauka suka tafi da ita. Sunan da 'yan kasuwar faifai suka laƙaba wa kiɗan, wanda ya danganta shi da bulus na baƙaƙen Amurka, ya taimaka wajen sayarwa, amma ya sa masu saurare da yawa suna neman bulus ɗin Amurka a cikin waƙar da asalinta turmi ne da tehardent. Haka kuma hoton mai shuɗin rawani a kan raƙumi ya mamaye tallan bikin, har ya rufe gaskiyar cewa arewacin Mali gida ne na Songai da Fulani da Larabawa da Bella, kuma kaso mai yawa na kiɗan da aka ji a Essakane nasu ne. Wannan rashi ne na gaske, ko da yake laifin ya fi rataya a wuyan masu tallata bikin a waje, don jerin mawaƙan da masu shirya shi ke gayyata ya haɗa kowa.

Rashin tsaro ne ya kawo ƙarshensa. Tun kafin 2010 ƙungiyar Alƙa'ida ta yankin Magrib ta fara sace Turawa a hamada, ƙasashen Yamma suka riƙa gargaɗin 'yan ƙasarsu. A 2010 aka matso da bikin gefen Timbuktu inda sojoji za su iya tsaronsa. Mutanen gari sun ƙaru, makiyayan da ke zuwa da raƙuma suka ragu, yanayin ya koma kusa da na wasan birni. A watan Nuwamban 2011 aka sace baƙi uku a cikin Timbuktu, aka kashe wani Bajamushe da ya ƙi shiga mota. Duk da haka an yi bikin Janairun 2012, har Bono na ƙungiyar U2 ya zo ya hau dandamali tare da Tinariwen. Kwanaki kaɗan da watsewa, ranar 17 ga Janairu, 'yan tawayen Abzinawa na ƙungiyar MNLA suka kai hari Ménaka. A watan Fabrairu Tinariwen suka ci kyautar Grammy da faifansu Tassili, a watan Maris sojoji suka yi juyin mulki a Bamako, ranar 1 ga Afrilu Timbuktu ta faɗa hannun 'yan tawaye. Ba da jimawa ba ƙungiyoyin masu iƙirarin jihadi, Ansar Dine da MUJAO, suka ture MNLA gefe, a watan Agusta kuma aka yi shelar haramta kiɗa a yankunan da suke riƙe da su. An ƙona kayan kiɗa, mawaƙa irin su Khaira Arby suka gudu Bamako, wasu suka koma sansanonin gudun hijira a Burkina Faso da Moritaniya.

Sojojin Faransa da na Mali sun ƙwato Timbuktu a ƙarshen Janairun 2013, amma hanyoyin hamada ba su sake zama lafiya ba. Masu shirya bikin sun ci gaba da shi a matsayin biki mai gudun hijira, suna kai mawaƙan arewa wasanni a ƙasashen waje. Sun kuma haɗa kai da bikin kogin Kwara na Ségou da bikin Taragalte na M'Hamid a kudancin Maroko, suka kafa ayarin mawaƙa mai yawo da saƙon zaman lafiya. Rabon Essakane da ganin bikin tun Janairun 2009.