Jinjina ga Marubutan Adabin Kasuwar Kano

Adabin kasuwar Kano, wato ƙagaggun labaran da suka bunƙasa tun daga shekarun 1980, marubutansa ne suka riƙa buga shi da kuɗin aljihunsu a lokacin da matsin tattalin arziki ya durƙusar da kamfanonin ɗab'i. Irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino ba su je nesa neman abin rubutawa ba, domin kishi da auren dole da sakin aure suna nan cikin unguwa, kuma duk da sukar da wasu manazarta suka yi cewa soyayya kaɗai suka iya, littattafan nan ne suka sa matan aure da dama suka riƙe karatun boko hannu bibbiyu.