Shawarwarin kare ƙwaƙwalwa: ina na mutumin Randagi?

Wataƙila kai ma saƙon nan ya shigo maka a WhatsApp: ka ci kifi, ka motsa jiki, ka yi barcin awa takwas, mantuwa ba za ta kama ka ba. To, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da za a iya magancewa, irin su hawan jini, ciwon suga, kurumta da ƙarancin karatu, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwar tsufa.

Matsalata da saƙon ita ce, an rubuta shi ne don mai kwana cikin kwanciyar hankali. Manomin Randagi da ya shafe shekaru yana kwana da kunne ɗaya saboda 'yan bindiga fa? Tsoro mai daɗewa yana ƙara sinadarin kotisol, shi kuma yana raunana hifokamfas, sashen ƙwaƙwalwa mai adana sabon abu. Kuma cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke tabbatar da abin da ta koya da rana.

Saƙon bai kuma ambaci yara ba. Ana haƙar zinare a ƙasar Birnin Gwari, kuma wani dutsen zinaren yana ɗauke da dalma. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. A 2015 ta kashe 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabciyarmu. Dalma tana shiga gurbin kalsiyam a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sai yaro ya rayu amma karatu ya ƙi zama. Haka zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa: binciken da aka yi a Yuganda, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna kusan ɗaya cikin yara huɗu da suka warke sun ci gaba da fama da raunin fahimta.

Saboda haka ga naka jerin. Kada a daka ko a niƙa dutsen zinare a cikin gida. Mai haƙa ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro. Yara su kwana cikin gidan sauro. Zazzaɓi da jijjiga, a wuce asibiti nan take. Baba da Inna kuwa, a riƙa auna musu hawan jini ko da ba sa jin komai.

Kifin ma a ci, idan an samu.