Jigo da daɗin sauraro: sharhi a kan yadda muke nazarin waƙoƙin Ɗan Maraya Jos

1. Gabatarwa

Wannan ɗan sharhi ya samo asali ne daga wani zaman sauraron kundi da na halarta a matsayin mai dubawa. Ɗalibin ya yi aiki a kan waƙoƙin Ɗan Maraya Jos, ya rubuta su da kyau, ya fassara su da Faransanci, ya kasa su gida-gida: gargaɗi, wa'azi, zamantakewa, siyasa. Da na tambaye shi abin da ya sa yake son waƙoƙin, sai ya yi murmushi, ya ce tun yana yaro yake jin su a rediyon mahaifinsa, kuma har yau in an sa su a fada ana dafa shayi, hira takan tsaya. Na ce masa: to, a wane shafi ka rubuta wannan? Babu. Laifin ba nasa ba ne, mu muka koya masa. Abin da nake son in nuna shi ne, hanyar da muke bi tana fitar da darasin waƙa ta zubar da daɗinta, alhali daɗin ne ya sa ake sauraro.

2. Makaɗin da kayan kiɗansa

Adamu Wayya, wanda aka fi sani da Ɗan Maraya Jos, an haife shi a 1946 a Bukuru kusa da Jos, ya rasu a 2015. Waƙoƙinsa sun shigo Maradi da Damagaram da Tawa ta rediyo da kaset, kamar na Mamman Shata. Amma tsakaninsu akwai bambanci babba. Shata yana da makaɗan kalangu da ƴan amshi a bayansa. Ɗan Maraya shi kaɗai ne da kuntiginsa: tsirkiya ɗaya a kan ɗan ƙaramin gwangwani irin na kifin sardin, an rufe shi da fata. Ba shi da wanda zai karɓa masa gindin waƙa. Saboda haka kuntigin ne yake amshi: murya ta faɗi ɗan waƙa, ta numfasa, tsirkiya ta cike gurbin. Mai sauraro yana jiran wannan amsa kamar yadda ake jiran amsar gaisuwa, kuma a cikin jiran nan ne rabin daɗin yake. Idan muka mayar da waƙar a takarda, duk wuraren da kuntigi ya yi magana sai su zama farin fili tsakanin layi da layi.

3. Abin da rubutu yake ɓoyewa

Matsala ta biyu ta shafi harshen kansa. Hausa tana rarrabe ma'ana da karin sauti (ton) da tsawon wasali, amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. Kuka na hawaye da kuka ta miya harufansu ɗaya. Haka gari na zama da gari na tuwo, haka wuya ta wahala da wuya na jiki. Bayan taron Bamako na 1966 an yi shekaru a Nijar ana rubuta dogon wasali da harufa biyu, kafin a daidaita rubutunmu da na Najeriya. Ga mai karanta jarida daidaitawar ta yi amfani. Ga mai nazarin waƙa kuwa asara ce, in har ya tsaya a kan wannan rubutu kaɗai.

Mu ɗauki sunan waƙarsa ta Karen Mota. Gaɓoɓi huɗu ne: ta farko marar nauyi, sauran ukun masu nauyi. Karin sautin kuwa ƙasa, sama, sama, ƙasa. Tun kafin a kaɗa tsirkiya, kalmomin biyu suna ɗauke da tafiyarsu da hawansu da saukarsu. Makaɗi yana iya bin wannan tafiya, yana iya ja mata birki, yana iya saɓa mata don ya farkar da kunne. Tun 1949 Greenberg ya nuna cewa ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa yana kan nauyin gaɓa, daga baya Ɗalhatu Muhammad ya jawo hankali ga amsa-amon karin sauti. Kayan aikin suna nan. Muna koyar da su a darasin ilimin sauti, amma da an shiga darasin adabi sai a bar su a bakin ƙofa.

4. Nishaɗi shi ma ma'ana ne

Wani zai ce: ai Ɗan Maraya mai gargaɗi ne, ga Jawabin Aure, ga Gulma Wuya. Gaskiya ne, kuma ban ce a daina nazarin jigo ba. Sai dai gargaɗin da ke cikinsu kowace tsohuwa ta san shi, kowane liman ya faɗe shi. Ba wanda yake mayar da kaset baya don ya sake jin cewa gulma ba ta da kyau. Ana mayarwa ne don a sake jin yadda aka faɗa, a sake yin dariya a wurin da aka yi ta jiya.

Karen Mota ta fi fito da wannan fili. M. G. Smith ya bayyana a 1957 yadda roƙo da kirari suke tabbatar da martabar masu sarauta da masu dukiya. Ɗan Maraya ya ɗauki wannan hanya ta yabo ya miƙa ta ga yaron mota, wanda muke kira aparanti, mai ɗaure kaya da sa waigi da kwana ƙarƙashin mota a tasha. Wanda ba shi da abin ba maroƙi ya ji an ambace shi a rediyo. Farin cikin da ya ji ba ya shiga gidan gargaɗi ko na wa'azi, amma shi ne babban aikin da waƙar ta yi. Mutumin da ya wuni cikin rana, in ya sami shayi da abokan hira da waƙar da ta san da zamansa, ya sami abin da zai tashi da shi gobe. Nazarin da bai da wurin ajiye wannan, akwai gyara a cikinsa.

5. Kammalawa

Ina ba da shawarwari uku ga masu jagorancin kundi. Na farko, duk waƙar baka da za a nazarta a rubuta ta da alamun karin sauti da tsawon wasali, a kuma nuna inda kiɗa yake amsawa. Na biyu, a saurari waƙar a zauren kare kundi kafin a soma muhawara. Na uku, a tura ɗalibi tasha da fada da gidajen biki ya tambayi masu sauraro wurin da ya fi yi masu daɗi, sannan ya dawo ya bayyana mana dalili da kayan aikin ilimin harshe. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga abokan aiki da suke da wani ra'ayi dabam.