Jinjina ga Ɗaliban Bakhtar Ruda

A shekarar 1934 aka kafa makarantar horar da malamai ta Bakhtar Ruda kusa da garin Duwaim, a gaɓar Farin Kogin Nilu a Sudan. Da gangan aka kai ta karkara, domin malami ya san rayuwar yaran da zai koyar.

Can gwamnatin Jihar Arewa ta tura wasu matasan malaman Larabci a 1954, cikinsu har da Malam Abubakar Gumi. Sun bar iyali, suka jure zafi da baƙon abinci, suka zauna tare da 'yan Sudan. A aji suka koyi tsara darasi da gwajin koyarwa a gaban yara. A wajen cin abinci da hirar dare kuwa, Larabcin littafi ya zama na baka. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Da suka dawo, sun riƙe makarantu da kotuna, suka yaye dubban ɗalibai. Wanda duk ya samu damar karatu a waje, ya yi koyi da su: ya shiga mutane, ya kuma dawo gida da abin da ya samo. Allah Ya saka musu da alheri.