Haukan Hamlet: Na Gaske Ne Ko Na Ganganci?

Malamin da ya karantar da wasan Hamlet, wanda Shekisfiya ya rubuta wajen shekarar 1600, ba zai tsira daga tambaya guda ba: shin wannan ɗan sarki na Danmak ya haukace ne, ko kuwa dabara ya ke yi? Ga ɗalibin da ya tashi a Rawayau ko Kurfi, wannan ba tambayar wasa ba ce, domin tun a makarantar zaure ya ji cewa shari'a ba ta kama mahaukaci da laifi. Watau in haukan na gaske ne, jinin Foloniyas ba ya wuyansa. In kuwa na ganganci ne, to, mai kisan kai mu ke tausaya wa.

Asalin labarin yana cikin tarihin Danmak da Sakso ya rubuta wajen 1200. A can babu shakka ko kaɗan, Amlet ya mai da kansa wawa ne don kada baffansa ya kashe shi. Shekisfiya ya riƙe wannan, gama a kashi na ɗaya Hamlet ya gaya wa Horeshiyo zai shiga wasu halaye na baƙunta.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin harshe. In Hamlet ya kaɗaita, maganarsa waƙa ce mai tsari. In ya gamu da Foloniyas ko 'yan leƙen asirin sarki, sai ya koma zube, ya cika shi da habaici da gugar zana. Habaici kuwa ba aikin mahaukaci ba ne, sai wanda ya san inda zai soka. A gwada da Ofiliya a kashi na huɗu: ita zancenta ya tsinke, ga gutsattsarin waƙoƙi, ba ta ma tantance wanda ke gabanta sosai. Marubucin ya san kamannin haukan gaske, da gangan ya hana wa Hamlet su.

Amma fa akwai wurare biyu masu wuya. A kashi na uku, cikin ɗakin uwarsa, shi kaɗai ya ga fatalwar ubansa, alhali da farko masu gadi ma sun gan ta. A nan ne kuma ya soke Foloniyas ta bayan labule ba tare da ya duba ba. Sa'an nan a kashi na biyar ya nemi gafarar Layatis, ya ɗora laifin a kan hauka.

A ganina, na farkon ba hauka ba ne, baƙin ciki ne da zafin zuciya. Dalilinsu kuwa ba ɓoyayye ba ne ga Bahaushe: uwar ta yi aure cikin wata guda, alhali takaba a wurinmu wata huɗu ce da kwana goma. Na biyun ne ya fi nauyi. Mutumin da ya ari hauka don ya tsira daga sarki, yanzu ya sāke aronsa don ya tsira daga alhaki. Nan ne abin takaicin wasan ya ke.

Saboda haka ina ba malaman kwalejojin horo shawara, kada su bar ɗalibai su wanke Hamlet da sunan taɓuwar hankali. A sa su bi maganarsa fitowa-fitowa, su rarrabe waƙa da zube, su lura da wanda ya ke yi wa magana, kana su yanke hukunci.