Zuriya da Alkawari a Bakin Malaman Sabo

Tun da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan cikin shekarar 1916, fataken goro da dillalan shanu suka kafa gidaje, har daga baya neman abinci ya ja waɗansu zuwa kasuwar Sasa da karar shanu ta Akinyele, babu addu'ar da ta fi yawa a bakin mutanen wannan zango kamar ta neman zuriya ɗayyiba. Domin wanda ya baro kushewar kakanninsa a Kano ko Katsina ba shi da shaidar cewa zamansa na Kurmi ya yi albarka face ɗan da zai ɗauki sunansa. Shi ya sa da sassafen ranar suna, bayan an raba goro, liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, sai ka ji dattawa sun shiga ambaton Annabi Ibrahim da Annabi Zakariyya, alaihimas salam, waɗanda aka yi wa bushara da haihuwa bayan furfura ta game kai, suna kafa hujja da su cewa ɗa alama ce ta cikar alkawarin Ubangiji.

Wannan fahimta tana da tushe, kuma ba Musulmi kaɗai ke riƙe da ita ba. A Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa a 1932, sura ta bakwai ta Sama'ila na Biyu ta kawo yadda Annabi Natan ya isar wa Dawuda cewa gidansa da gadon sarautarsa za su tabbata, Linjilar Matiyu kuwa da salsala ta buɗe, daga Ibrahim ta bi ta kan Dawuda har zuwa Almasihu.

Sai dai abin da ke damuna shi ne yadda ake yanke ƙissa a tsakiya, a ɗauki bushara a bar sharaɗi. Wanda ya lizimci tafsirin watan azumi, inda mai jan baƙi ke jan aya malam na warware ta da Jalalaini buɗe a gabansa, ya san cewa lokacin da Annabi Ibrahim ya roƙa wa zuriyarsa shugabanci, a Suratul Baƙara, an amsa masa da cewa alkawarin ba ya kaiwa ga azzalumai. Ya san ɗan Annabi Nuhu ya halaka a Ɗufana, nasaba ba ta cece shi ba. Ya san kuma Banu Isra'ila sun yi gardamar sarautar Ɗalutu don suna ganin sun fi shi cancanta, ga shi ba mawadaci ba, aka nuna musu ilimi da ƙarfin jiki su ne dalilin zaɓinsa. Hatta gadon da Annabi Sulaiman ya ci daga mahaifinsa, malaman tafsiri sun ce na annabci ne da ilimi. Zabura ta 132 ma ta rataya zaman 'ya'yan Dawuda bisa karaga ga kiyaye alkawari.

Magabatanmu sun gane haka sarai, domin Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙi, ya lissafa cin sarauta ta gado da rinjaye ba tare da shawara ba cikin aibobin sarakunan da ya yaƙa. Amma da ya rasu a 1817 ɗansa Muhammadu Bello aka yi wa mubaya'a, kuma babu mai musun ilimin Bello, sai dai tun daga nan sarautar Sakkwato ba ta fita gidan ba.

Mutanen Sabo suna zaune ne a garin da ke nuna musu wata hanya dabam, tun da sarautar Olubadan, wato sarkin Ibadan, ba ta wucewa daga uba zuwa ɗa kai tsaye. Mutum yakan fara daga Mogaji na gidansu, ya hau mataki bayan mataki ta layin Otun ko na Balogun, har ya kai gadon sarautar da tsufa. A cikin zangon kansa ma, sau da yawa idan maigida mai saukar fatake ya kwanta dama aka raba gidajen bisa fara'ili, yaron gidan da ya san baƙi, ya san wanda ake ba bashin shanu da wanda ake hanawa, shi fatake ke ci gaba da sauka a wurinsa.