Tambayar da ke Kunyata Mai Jinya

Akwai tambayar da ta zama ruwan dare a wa'azin jana'iza a ikilisiyoyinmu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram: in ka gaskata akwai Sama, me ya sa kake gudun mutuwa? Jama'a su kaɗa kai, mai wa'azi ya wuce. Amma cikin masu ji akwai wanda ya sayar da akuyarsa domin ya kai matarsa daga Wurno zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu. Shi zai koma gida yana zargin bangaskiyarsa.

Tambayar ta riƙe Filibiyawa 1:23, ta saki aya ta 24, inda Bulus ya ga zamansa cikin jiki ya fi amfani ga 'yan'uwa. A 2 Korintiyawa 5:4 ma, marmarinsa ƙarin sutura ne a kan jiki, ba tuɓewa ba, kuma a 1 Korintiyawa 15:26 ya kira mutuwa abokiyar gaba. Koyarwar cewa jiki kurkukun rai ne ta Aflatun ce, masanin Helenawa. Abin da manzanni suka bar mana shi ne begen tashin matattu.

Hezekiya ya yi kuka mai zafi da ya ji zai mutu. Allah bai tsawata masa ba, sai ya ƙara masa shekara 15. Yawancinmu a nan muke rufe Ishaya 38, alhali a aya ta 21 annabin da kansa ya sa a ɗora wa sarkin curin ɓaure a kan marurunsa domin ya warke.